Darasi na Goma Sha Ɗaya: Kiwon Manyan Itatuwa da Tsare Ran Mai Hawansu

A darasin da ya wuce mun yi bayanin yadda ake renon iri, da yadda ake haƙa rami a dasa, da irin ban ruwan da dashe ke bukata kafin ya kama ƙasa. To, yanzu za mu juya ga wani fanni wanda mutane ba su cika ɗaukarsa a bakin ilimi ba, alhali kuwa ya fi dashen tsawon zamani, ya kuma fi shi haɗari nesa ba kusa ba, watau kiwon itacen da ya riga ya girma, da sanin lafiyarsa da cutarsa, da rage masa rassa bisa ƙa'ida, da kuma tsare ran mutumin da ke hawansa da gatari ko zarto a hannu. Dashe aikin yini guda ne, ana yinsa cikin taro da jawabai, amma kiwo aikin shekaru ne wanda ba a taruwa dominsa. Shi ya sa za ka ga an dasa dubbai a ranar bikin dashen itatuwa, sa'an nan a garin nan dai, kafin mako ya kewayo, an sa wani yaro ya hau tsohon maɗacin da ya shekara sittin yana ba kasuwa inuwa, ya sassare shi yadda ya ga dama, ba wanda ya koya masa inda ake sara, ba kuma wanda ya tambaye shi ko ya san yadda zai sauko lafiya.

Girmama itace ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa Musulmin da ya dasa itace yana samun ladan sadaka a kan duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, kuma Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Abubakar, Allah ya ƙara masa yarda, ya hana rundunar da ya tura Sham sare itace mai 'ya'ya, ko da yake halin yaƙi ake ciki. Malaman fiƙihu ma ba su bar mas'alar ba, domin Ibnu Asim, alƙalin Garnaɗa wanda ya rasu a shekarar 1426, ya keɓe fasali guda a cikin Tuhfa, littafin nan da alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da shi, a kan cutarwar da itace kan jawo tsakanin maƙwabta, kamar wanda ya yaɗu a gefen katangar wani, ko reshen da ya miƙa cikin sararin maƙwabci. A ƙasar Damagaram kuwa har yau ana ba da labarin tsananin hukuncin da sarakunanta na ƙarni na 19 suka ɗora wa wanda ya sare gawo, don sun san yadda gero ke kyau a ƙarƙashinsa. Abin da ya rage mana mu ƙara a kan wannan gado, wanda magabata ba su sami kayan bincikensa ba, shi ne sanin abin da ke gudana a cikin jikin itace a sa'ad da ƙarfe ya shige shi.

Abin da ke cikin jikin itace

In ka ɓare ɓawon ɗanyen reshe za ka tarar da wani siririn shimfiɗi mai danshi da santsi tsakanin ɓawon da icen. To, daga nan ne itace ke ƙara kauri kowace shekara, yana gina sabon ice ta ciki da sabon ɓawo ta waje. Ruwa da gishirin ƙasa suna hawa daga saiwa zuwa ganye ta cikin icen da ke dab da wannan shimfiɗi, ganye kuma ya haɗa abinci da taimakon hasken rana, abincin ya sauko ta ɓawon ciki har ya isa saiwa. Tsakiyar gangar jikin kuwa, wadda masassaƙi ke nema don turmi da akushi, ta riga ta daina wannan aiki, fa'idarta kawai ta riƙe nauyi.

Daga nan ake gane abu biyu da kan ba mutane mamaki. Na farko, itace yana iya zama shar da ganye, yana 'ya'ya kowace shekara, alhali cikinsa kogo ne wanda ba zai ɗauki nauyin baligi ba, saboda haka koren ganye ba hujja ba ce a kan ƙarfi. Na biyu, itacen da aka kewaye gindinsa da sassaƙa, ko da faɗin sassaƙar bai wuce tafin hannu ba, an yanke wa saiwarsa abinci ke nan. Zai daɗe a tsaye kamar ba abin da ya same shi, sa'an nan ya fara bushewa daga sama. Wannan shi ne abin da ya ci maɗatai masu yawa a bakin hanyoyinmu, waɗanda masu neman sassaƙe suka yi wa tsirara. Ni ba na zargin mai neman magani, amma wajibi ne ya sani in ya ɗiba a tsaye, a gefe guda, ya bar sauran ɓawon a haɗe, itacen zai rufe gurbin a hankali, in kuwa ya kewaye shi ya kashe shi, ya kuma kashe wa na bayansa magani. Kuka tana cikin 'yan ƙalilan da ke iya mayar da ɓawonsu bayan an ɗaye shi don igiya, kada a yi ƙiyasin sauran itatuwa a kanta.

Mas'alar da ta fi kowace muhimmanci a wannan darasi ita ce yadda itace ke yi da rauni. An daɗe ana zaton yana warkewa yadda jikin ɗan Adam ke warkewa, har sai da wani masani mai suna Alex Shigo, na hukumar gandun daji ta Amurka, ya shafe shekaru yana tsaga dubban itatuwa a tsaye da zarto yana bin sawun ruɓa a cikinsu, ya kuma bayyana sakamakon bincikensa a shekarar 1977. Abin da ya tabbatar shi ne, wurin da ya lalace a jikin itace ba ya komawa daidai har abada. Iyakar abin da itacen ke yi shi ne ya killace wurin, ya toshe hanyoyin da ruɓa za ta bi ta sama da ƙasa da gefe, sa'an nan ya gina sabon ice a bisansa, kamar maigidan da ɗaki ya rushe masa a tsakiyar gida, ya liƙe ƙofarsa da laka, ya ci gaba da gini kewaye da shi. Ɗakin yana nan a rushe ko bayan shekara hamsin. Saboda haka duk saran da ka yi zai zauna a jikin itacen muddin ransa, kuma gwanintar mai wannan sana'a duka tana komawa ga abu guda, watau ya yi irin raunin da itacen zai iya killacewa.

Yadda ake yanke reshe

A wurin da reshe ya haɗu da uwar jiki akwai wani kumburi da ya kewaye gindin reshen, wanda za mu riƙa kira wuyan reshe, tare da wata tattarar ɓawo a samansa. A cikin wannan wuya ne Allah ya ajiye katangar da ke hana ruɓa ƙetarawa cikin gangar jiki. Wanda ya yanke reshe ya shafe shi daidai da jikin itacen, don ya ga aiki ya yi sumul, ya cire katangar ke nan. Wanda kuma ya bar dungu mai tsawo, ya bar wa gara da ruɓa abinci da hanya, ga shi kuwa ɓawo ba zai iya haɗewa a kan dungu ba. Daidai shi ne a yanka dab da wuyan ta waje, ba tare da an taɓa shi ba, kuma alamar yankan da ya dace ita ce, bayan damina ɗaya ko biyu, ka ga sabon nama ya kewaye bakin raunin cif ba ɓaraka.

Reshe mai nauyi ba a sauke shi da yanka ɗaya, domin kafin zarto ya fita nauyinsa zai karya shi, ya ɗaye ɓawon uwar jiki ya yi ƙasa da shi, a sami rauni mafi muni a wurin da aka fi bukatar kiyayewa. Sai a fara ta ƙarƙashi, kimanin kamu ɗaya daga gindin reshen, a shiga kusan sulusin kaurinsa. Sa'an nan a koma ta sama, a ɗan gaba da yankan farko ta wajen ganye, a yanka har reshen ya faɗi. Daga ƙarshe a cire dungun da ya rage a bakin wuya, a tsanake, tun da yake ba sauran nauyi. Zarto ya fi gatari da barandami dacewa da wannan aiki, don sara yana farfasa ice yana barin gurbin da ruwa zai kwanta. Wanda kuwa ba shi da zarto, to, ya wasa addarsa sosai, ya riƙa sarar ƙananan rassa daga ƙasa zuwa sama. Bayan an gama, kada a shafa wa raunin baƙin mai ko kwalta ko fenti, ko da yake mutane da yawa suna yin haka da kyakkyawar niyya, domin bincike ya nuna shafen ba ya hana ruɓa, wani lokaci ma danshi yake tsarewa a ƙarƙashinsa. A bar wurin ya sha iska.

Akwai kuma mas'alar gwargwado. Ganye shi ne mai ciyar da itace, don haka ƙa'idar da masana suka daɗe suna bi ita ce kada a cire fiye da rubu'in ɗanyun rassa a shekara guda, tsohon itace ma bai kamata a kai masa wannan haddi ba. Mafi munin abin da ake yi a garuruwanmu shi ne a sare kan babban itace ƙarƙaf, a bar gangar jiki da dungaye, wai don kada iska ta kayar da shi. Haƙiƙa zai yi toho, har ma ya fi da duhu cikin shekara biyu, amma wannan toho daga bakin ɓawo ya fito, bai kafu cikin ice ba, a ƙarƙashinsa kuma manyan raunukan suna ruɓewa. Bayan 'yan shekaru sai a wayi gari da rassa masu nauyi a kan dungu ruɓaɓɓe, watau an sayi haɗarin da ake gudu da kuɗin kai. Sai dai a nan ya kamata a yi adalci, a rarrabe wannan ɓarna da datsar da manomanmu suka gada, wadda ake fara wa itace tun yana matashi, a wuri guda, a riƙa komawa wurin nan bayan 'yan shekaru ana ɗibar sanduna tun ba su yi kauri ba. Darbejiya tana jure wannan ƙwarai, kuma haka aka riƙa cin amfanin layukan darbejiyar da aka fara dasawa don tare iska a kwarin Majiya, cikin jihar Tawa ta Nijar, a shekarar 1975. Sirrin dai shi ne ƙanƙantar rauni da dawwama a kan tsari.

Hausawa sun ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma babu inda maganar ta fi zama gaskiya kamar a nan, domin reshen da za a cire da wuƙa a shekara ta uku shi ne wanda zai bukaci igiya da mutum huɗu a shekara ta talatin. Shaidar wannan tana ƙasar Maraɗi, inda tun daga shekarar 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya haɗa kai da manoma suka raya abin da ake kira sassabin zamani: maimakon a ƙone tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture a gona, sai a zaɓi 'yan sanduna mafiya ƙarfi a bari, a cire sauran, a riƙa rage musu rassan ƙasa. Da wannan ɗan gyara na adda, ba da dashe ba, masu bincike suka ƙiyasta cewa itatuwa sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Game da lokaci kuwa, busasshen reshe ana cire shi kowane wata, mangwaro ana gyara shi bayan an gama cin 'ya'yansa, itatuwan bakin titi da na kusa da gidaje kuma a duba su a ƙarshen rani, kafin guguwar farkon damina ta zo ta yi nata gyaran a kan rufin mutane.

Duba kafin hawa

Sharaɗin farko na wannan sana'a shi ne dubawa, kuma dubawar nan ɗaya ce take nuna cutar itace, take kuma tsare ran mai hawa, ba a raba su. Mai ilimi yakan tsaya daga nesa tukuna ya ga inda itacen ya karkata da inda nauyinsa ya taru, sa'an nan ya matso ya kewaye gindin sannu a hankali. In ya ga ƙasa ta ɗaga ko ta tsage a gefen da ke bayan karkatar, to, saiwa ta fara saki, wannan itace ba a hawansa ko kaɗan. In ya ga laimar kwaɗi ta tsiro a gindi, ko wani abu mai tauri irin nata ya manne a jikin gangar, ya sani ruɓa ta daɗe a ciki, abin da ke waje 'ya'yanta ne kawai. Hanyar gara a jikin ɓawo ita ma manuniya ce, don galibin gara mataccen ice take bi. Sai ya ƙwanƙwasa gangar da bayan gatari ya saurara, domin amon lafiyayyen ice daban yake da na kogo, kuma kunne yana koyon bambancin da yawan gwaji. Daga nan ya ɗaga kai ya dubi marabar rassa: inda manyan rassa biyu suka tashi tare a matse, ɓawo ya shige tsakaninsu, ba su haɗe da juna ba ke nan ko da yake ido yana ganinsu a haɗe, kuma nan ne iska ke tsaga itace biyu.

A can sama zai nemi busassun rassa, da waɗanda suka karye suka maƙale, da kuma kauci, wanda tsuntsaye ke kai irinsa daga itace zuwa itace, ya kafa saiwarsa cikin reshen ɗorawa ko kaɗanya ko lemo yana tsotsar ruwansu; tsinke ganyen kauci ba ya kashe shi, sai an yanke reshen da ya kama, a ɗan baya da inda ya kafu.

Cutar itace da yawa kuwa daga ƙasa take farawa, kuma hannun mutum ne sanadinta. Galibin saiwoyin da ke shan ruwa da iska ba su da zurfi, suna kuma yaɗuwa har su wuce iyakar inuwar itacen, saboda haka wanda ya dafe gindin itace da siminti har wuya, ko ya haƙa harsashin gini ko kwata ya datse manyan saiwoyi ta gefe guda, ko ya mayar da gindin wurin ƙona shara, ya riga ya yi masa illa, ko da alamar ba za ta bayyana ba sai bayan shekara uku ko biyar, a lokacin an manta da sababin. Annoba ma takan zo. Darbejiya, wadda asalinta daga ƙasar Indiya ne, aka kuma shigo da ita lardin Barno a shekarar 1928, ta mamaye garuruwanmu saboda jure fari, har aka kusa manta da sauran itatuwa; amma a ƙarshen shekarun 1980 wani ɗan ƙwaro mai manne wa ganye ya yi mata ɓarna mai yawa a kewayen Tafkin Cadi, a wajen 1990 kuma aka ga tana zubar da ganye tana ƙanjamewa a Nijar da arewacin Nijeriya. A ganina darasin da ke cikin wannan a fili yake: garin da inuwarsa duka ta rataya a kan iri ɗaya yana iya rasa ta a shekara ɗaya, don haka a riƙa cuɗanya ta da tsamiya da maɗaci da ceɗiya da sauran na gida.

Tsare rai

Yanzu mun zo ga abin da ya fi itacen kansa daraja. Mutane sukan ce wane gwanin hawa ne, ba ya tsoro, suna ɗaukar wannan a matsayin yabo, alhali rashin tsoro ba ilimi ba ne. Kuma malamai sun yi ittifaƙi a kan cewa riƙon sababi ba ya kore tawakkali, jefa kai cikin halaka da gangan kuwa haramun ne, ko da sunan neman halal ne. Wanda ya ɗauki ma'aikaci shi ma yana da nasa kason na alhaki, domin bai halatta ka tura ɗan wani inda ba za ka tura ɗanka ba, don kawai ladansa ya fi araha.

Babban makashin masu aikin itace a cikin gari shi ne wayar lantarki, kuma ina roƙon kowane ɗalibi ya riƙe wannan sakin layi da kyau. Wayoyin da ke can saman falwaya suna ɗauke da ƙarfin bolt 11,000 ko 33,000, ba a lulluɓe suke ba, kuma wuta mai irin wannan ƙarfi tana iya tsallakowa ta kama mutum tun bai taɓa wayar ba. Ɗanyen reshe ma yana ɗaukar wuta, haka tsanin ƙarfe, haka jiƙaƙƙiyar igiya. Ƙa'ida ita ce kada jikinka, ko kayan aikinka, ko reshen da za ka sauke, su kusanci waya da abin da ya gaza mita 3. Tarkon da ya fi kama mutanenmu shi ne a ce ai an ɗauke wuta, yi maza ka hau kafin a kawo. Ba wanda zai sanar da kai sa'ar da za a dawo da ita, ga shi kuma janaretan wani gida da ba a haɗa daidai ba yana iya mayar da wuta kan layi ko da an ɗauke. Itacen da ya shiga waya ba a taɓa shi sai ma'aikatan kamfanin lantarki sun zo da kansu sun kashe layin, sun tabbatar, suna kuma tsaye har a gama.

Sai faɗowa. Mai hawa ya ɗaure jikinsa da ɗamarar hawa da igiya mai ƙarfi wadda aka keɓe don ɗaukar mutum, ba wadda ake jan rassa ko guga da ita ba, ya duba ta taƙi taƙi kafin kowane hawa, ya rataya ta a maraba mai lafiya sama da kansa. In zai yi yanka kuma ya ƙara ɗauri na biyu a wani wuri dabam, don in ƙarfe ya ci ɗaya, ɗayan ya riƙe shi. Tsani na isa sama ne kawai, a ɗaure kansa, a kuma ja gindinsa baya da kamu ɗaya ga kowane kamu huɗu na tsayi. Hular kwano wajibi ce a kan na sama da na ƙasa baki ɗaya, na ƙasa ma ya fi bukatarta, tun da shi ne abin ke faɗo wa. Babbar riga da rawani da silifa a ajiye su a gida. Kafin a hau a tabbatar babu amya ko kogon zuma ko sheƙar rina, domin wanda zuma ta taso wa a sama sakin hannu yake yi. Kada kuma a yi aikin nan mutum ɗaya, ko cikin iska da hadari, ko da tsakar rana a bazara ga mai azumi. Lallai a sami wanda zai tsaya a ƙasa, aikinsa kawai ya lura da na sama, ya kuma kori yara da matan da ke matsowa tsintar makamashi tun ana cikin sara.

Zarto mai inji ya yawaita a hannun mutane, galibinsu kuwa ba wanda ya koya musu komai face yadda ake tayar da shi. Sarƙarsa tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa, kuma in saman hancinsa ya taɓa ice yakan yi tsalle ya dawo kan fuskar mai riƙe da shi da saurin da hannu ba ya iya tarewa. Saboda haka a riƙe shi da hannu biyu, kada a yi yanka da hancinsa, kada a ɗaga shi sama da kafaɗa, kada a yi aiki da shi a kan tsani, a kuma tabbatar birkin sarƙarsa yana kamawa. A sa tabarau saboda ɗiɗɗiga, a toshe kunne, don ƙararsa tana kurmantar da mutum a hankali bai sani ba. In kuwa lalura ta sa za a kayar da itace gaba ɗaya, bayan an sami izinin malamin daji, sai a yanke baki a gefen da ake so ya faɗi, zurfinsa kimanin rubu'in kaurin gangar, sa'an nan a yanko ta baya a ɗan sama da shi, a bar kimanin ushirin kaurin ba a yanke ba, domin wannan ɗan abin da aka bari shi ke riƙe itacen ya kai shi inda aka nufa. Kowa ya nisanta da tsawon itacen sau biyu, mai yankan kuma ya share wa kansa hanyar gudu tun da fari, ta baya a karkace.

In tsautsayi ya auku, wanda ya faɗo daga sama kada a ɗaga shi zaune, kada a ɗora shi a kan babur, kada a miƙe shi don a ga ko zai iya tsayawa, domin in ƙashin baya ko na wuya ya taɓu, ɗaukar ganganci ita ke mayar da karaya shanyewar jiki. A riƙe kansa daidai da jikinsa, mutum uku ko huɗu su mirgina shi tare a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, a kai shi asibiti, ba wurin maɗori ba. Jini mai zuba a danne shi da tsabtataccen ƙyalle da ƙarfi, kada a cusa ƙasa ko toka. Wanda wuta ta kama kuwa, kada kowa ya taɓa shi, ko itacen da yake kai, sai an kashe layi.

Inda ake neman wannan ilimi

A ƙasashen da suka ɗauki kiwon itace sana'a mai zaman kanta ba a barin kowa ya shige ta haka kawai. Ƙungiyar masana fannin ta duniya, wadda aka fi sani da ISA, ta samo asali ne daga wani taro da aka fara a Amurka a shekarar 1924, kuma mai neman shaidarta sai ya yi aikin na wasu shekaru, ya ci jarrabawa, sa'an nan ya riƙa ƙaro karatu yana sabunta shaidar duk bayan shekara uku. A Nijeriya akwai kwalejojin gandun daji na tarayya a Ibadan da Jos da Afaka kusa da Kaduna, a ƙarƙashin Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan. Sai dai waɗanda ke hawan itatuwan garuruwanmu ba su ne ke zuwa waɗannan makarantu ba, shi ya sa nake ganin ya wajaba a kan ƙananan hukumomi su riƙa tara masu saran itace da masu zarto na yankinsu, ko sau ɗaya a shekara kafin damina, malamin daji da ma'aikacin lantarki da malamin asibiti su karantar da su da Hausa a gindin itace.

Kafin zama mai zuwa, kowane ɗalibi ya zaɓi babban itace guda a unguwarsu, ya duba shi daga ƙasa ba tare da ya hau ba, ya rubuto sunansa, da halin gindinsa, da tsofaffin raunukan da ke jikinsa, waɗanne ne suka rufe, waɗanne ne suka zama kogo, da abin da yake ganin ya jawo bambancin, da kuma nisan da ke tsakanin rassansa da wayar da ta fi kusa. Wanda yake da zarton hannu ya zo da shi, domin za mu gwada yanka uku a kan reshen darbejiyar da za a sauke mana a harabar makaranta.